Fuskar Malam Gershon da Muka Kasa Zanawa

Da safiyar Talata, 11 ga Maris 2025, ina shagona kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan ina rubuta wa wani mai kemis allo, abokin sana'ata Eli ya kira ni ya ce Malam Gershon ya huta. Na ajiye burushi, har fenti ya bushe a kansa ban sani ba.

Malam, kai ka koya mana zane a sakandare, da ka yi ritaya kuma ba ka sake mu ba. Kowace Asabar muna gindin mangwaron gidanka, manya da mu, kana sa mu aikin da ya fi kama da wasan yara. Wata rana ka zube mana ɗanyar citta a tabarma, ka ce mu zana ba tare da duban takarda ba. Wata rana ka ɗaure mana idanu, ka damƙa mana yumɓun da ka ɗauko a babur daga wajen Nok, ka ce mu gina kan akuya. Ranar da na yi kurin cewa hannuna ya faɗa, ka ce to madalla, daga yau da hagu zan riƙa zane sai ka ce ya isa. Na yi fushi, na kuma yi. Wanda ba shi da takarda ka yago masa taka, wanda bai karya ba matarka, Mama Yemima, ta zubo masa gwaten acca.

Aikin da ka fi so shi ne na juya baya. A zaunar da mutum, mu kalle shi har ya fara tsarguwa, sannan mu ba shi baya mu zana shi da ka. Hoto kuwa ba ka so, da an ɗaga waya sai ka sunkuya. Cewa kake wanda ya ɗauki hoto ya gama kallo.

Da muka je gaisuwa, Mama ta ce sun duba ko'ina babu hotonka na kirki, sai ƙeya da gefen kunne, da wani na katin aiki da ruwa ya cinye. Ta roƙe mu mu zana ka a kafa a coci ranar jana'iza, daga baya a rataye a falo saboda jikarka Regina, wadda ko rarrafe ba ta fara ba. Muka ce ai wannan ƙaramin abu ne, mu da muke zana 'yan takara da amare?

Malam, kunya ta kashe mu. Muka zauna inda muka saba, kowa da gawayinsa. A zane Eli ya samo tabarau ɗinka, ni na samo hular sanyin nan taka, a tsakani kuwa sai fuskar wani baƙo. Har gardama muka yi a kan hancinka, dogo ne ko gajere. Muka yaga, muka sake, har rana ta faɗi. Ashe duk shekarun nan kowa ka zaunar mana, kai ne kaɗai ba mu taɓa cewa ka zauna ba. Abin da ya fito mana babu kuskure shi ne hannunka, don shi muke bi da ido yana gyara mana layi.

Shi muka kai wa Mama, kanmu a ƙasa. Ta daɗe tana kallo, ta shafa ɗan yatsan nan naka da ya karkace.

"Hannunsa ne, 'ya'yana, kun yi ƙoƙari," ta ce. "Na dai so Regina ta san fuskar kakanta in ta girma."



Ubangiji ya yi maka jinƙai, Malam, ya shafe kurakuranka, ya karɓe ka cikin hutunsa. Ya ta'azantar da Mama Yemima da 'ya'ya da jikoki da dukan ikilisiya. Mu kuma ka yafe mana. In Allah ya haɗa mu a gaban Almasihu, ka zauna mana, ranar za mu kalle ka da kyau. Amin.