Fangalin Tumatir a Gidan Darakta

Ban taɓa mantawa da ranar da Baba Audu ya zo duba lambuna ba. A farkon daminar da ta biyo bayan ƙirƙiro jihar Taraba ne. An ɗauke ni leburan wucin gadi, aka tura ni kula da lambun gidan wani darakta a Jalingo. Ƙa'idar aikin ita ce, bayan wata uku helma, wato shugaban leburori, zai duba aikinka. In ya yaba, a ba ka takardar zama ma'aikaci. In bai yaba ba, ka koma gida.

Uwargidan darakta ta ba ni irin tumatir da tattasai da alayyafo. Ni manomin gero ne daga Sunkani, na saba zuba iri da yawa a rami. Sai na juye duka a fangali huɗu. Suka fito kore shar, ko yatsa ba ya shiga. Amma cikin mako na biyar suka yi siriri, suka soma rawaya.

Tun wata ukun bai cika ba, Baba Audu, helmanmu, dattijo mutumin Kona, ya zo ya tsaya yana kallo.

"Hamidu, lambu ka shuka ko ciyawar shanu?"

"Baba, na ga duk sun rayu, na kasa cire ko ɗaya."

"Tausayinka ne zai kashe su. Kawo ruwa."

Ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Ya jiƙa ƙasa, ya riƙa zare tsiro da yatsa biyu, saiwa ba ta tsinkewa. Bai ko duba ba, hannunsa ne ke zaɓa. Cikin goma ya bar ɗaya. Fangalin ya koma tamkar an yi masa aski. Uwargida ta leƙo ta taga.

"Baba, ka gama mana da lambu!"

"Hajiya, a ba shi mako uku. In bai tashi ba, ni za a sallama, ba Hamidu ba."

Wanda ya cire kuwa ya naɗe a ɗanyen ganye, ya sa na raba wa gidajen maƙwabta, aka dasa da yamma.

Kafin mako ukun, tumatir ya kai gwiwata. Da kaka, layin nan kaf babu gidan da ya sayi kayan miya. Aka ba ni takardata.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, shuka kowa ya iya. Mai lambu shi ne wanda ya san abin da zai cire, kuma helma na gari shi ne wanda zai jingina aikinsa a kan naka.