Hular Alhaji da Mota Marar Rufi

Kakana bai taɓa cire hula ba. Shekarata goma sha shida a gidansa na Gyaɗi-Gyaɗi, ban san ko kansa mai gashi ne ko mai sanƙo ba, ban ma tabbata akwai kan ba. In zai yi alwala, hannu yake zurawa ta ƙarƙashin hular kamar mai laluben ƙwai a akurki. In wanzami ya zo, a ɗaki ake kulle su, ya fito yana kallon ƙasa kamar wanda aka rantsar. Hoton da aka ɗauke shi da harami a Makka ma daga gira ya fara. Hular kuwa zanna ce doguwa, ta sha sitati, in zai shiga zaure ita take riga shi sallama. Ni kuma ba ni da buri a duniya kamar in ga abin da ke ƙarƙashinta.

Wata ranar Laraba wani mai adaidaita sahu ya taka masa burki a bakin titi, ya ce, "Baba tsoho, tsallaka a hankali, ina jiranka." Alhaji ya dawo gida ya ƙi cin tuwo. Kwana uku yana maimaita "Baba tsoho" shi kaɗai a kan tabarma. A na huɗu ya sayar da filinsa na Hotoro, ya ce mota zai saya, irin mai gudun nan da take kwance a ƙasa kamar ƙadangare.

Kakata Hajiya ta ce, "Alhaji, da wannan gwiwar da maƙwabta ke jin ƙararta in ka tashi daga sujjada?"

Bai kula ta ba. Ya dube ni, da yake akwai wasan jika da kaka tsakaninmu, ya ce, "Taso, amarya, ki zaɓa mana. Wannan tsohuwar ba ta san zamani ba."

Na ce, "Ni ba na auren mai ɓoyayyen kai." Amma na riga shi sa takalmi.

Wurin sayar da motocin yana kan titin Zariya. Dillalin wani dogo ne ɗan Jos. Ya buɗe baki zai ce Baba, na taka masa ƙafa, ya mayar da ita "Yallaɓai". Motoci biyu ya nuna mana. Ɗaya ja ce, rufinta bai kai ƙuguna ba. Ɗayar ruwan ɗorawa ce, ita ba ta da rufin ma, kamar an yanke ta da wuƙa.

Alhaji ya fara da jar. Ya tattare babbar riga, ya tura ƙafa ɗaya, ya lanƙwashe, ya shiga duk da ƙyar. Hular ta ce ita ba ta shiga. Ya karkata wuya ya shigar da ita a kwance, ya zauna kunnensa a kan kafaɗa yana kallon duniya a karkace.

Dillali ya ce, "Yallaɓai, ai sai dai a cire hular."

Har kanikawan da ke gefe suka daina buga ƙarfe.

Alhaji ya ce, "A cire rufin dai."

"Shi ya sa muka ajiye maka waccan, Yallaɓai."

Sai da mutum uku suka zaro shi. A nan ne dabara ta faɗo mini. Jar mota za ta murƙushe hula, amma hular tana nan a kai. Marar rufi kuwa iska ce za ta yi mini aikin da na kasa shekara goma sha shida. Na shiga zuba. Na ce ja launin 'yan tasha ne. Na ce ruwan ɗorawa ya dace da fatarsa. Na ce duk mai adaidaitar da ya gan shi a ciki sai ya kira shi yaya.

Ya yi ta zagaya motocin yana ƙwanƙwasa su kamar mai sayen kankana. Ya tsaya gun jar ya shafa wuyansa, ya dawo gun ɗayar ya dubi sama. Can ya ce a gwada marar rufin, kuma shi zai tuƙa. Dillali ya zauna kusa da shi yana motsa leɓe. Ni aka cusa a baya, kan wata kujera da na tabbata don kaji aka yi ta.

Mota mai tsere da jirgi, amma daga Gyaɗi-Gyaɗi har muka doshi Tarauni cunkoso bai bar mu mun wuce mai tura ruwa ba. Sau biyu ya wuce mu yana yi mana sannu. Hular ko motsi ba ta yi ba. Na fara fid da rai.

Sai titi ya buɗe, wata adaidaita ta gifta mu. Alhaji ya ce, "Kai, ɗan nema!" ya danna ƙafa. Motar ta yi gurnani, kumatun dillali suka koma bayan kunnensa, hula ta tashi ta faɗo a cinyata.

Na gani. Na ga komai.

Na buɗe baki zan yi dariyar da na daɗe ina tanadi, sai na hango idonsa ta madubi. Ban taɓa ganin Alhaji da irin wannan idon ba, kamar yaron da aka tsayar a gaban aji. Ga shi kuma mun kusa gindin darbejiyar da abokansa suke zaman majalisa, tsofaffi shida marasa aikin yi sai kallon titi. Ban san lokacin da na miƙe na kifa masa hular ba, baibai ma, na danne ta da hannu bibbiyu. Haka muka wuce su, yana ɗaga musu hannu kamar ɗan takara, ni ina riƙe da kansa ta baya kamar mai tallafe da tulu.

Da muka tsaya, ya tambayi dillali, "Ka ga wani abu?"

"Yallaɓai, tun da ka taka na rufe ido."

Ya juyo gare ni. "Ke fa?"

"Ya danganta da motar da aka saya."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Ja'ira. A rubuta mana takardar marar rufin."

Yanzu ba ya fita da ita sai da ni, domin ba a samu wani amintaccen mai riƙon hula ba. Kullum da safe shi yake kai ni makaranta, ina tsaye a baya, hannayena biyu a kansa. Ƙawayena sun yi mini alkawarin awara har ƙarshen zango in na gaya musu abin da na gani. Nakan ce musu iska ce ta shiga mini ido. Damatsana dai sun fara yin ƙwanji.