Garmar Katako da Ƙarafan Baban Zainab

Shekara bakwai ke nan da aka kai Baban Zainab makwancinsa a wata maƙabarta da ke gefen London. Mijina ne. Sunansa Sani, amma bakina bai saba da sunan ba, ko yanzu da na rubuta shi sai da na ji nauyi. Direban bas ne, ya daɗe yana kai da komo tsakanin unguwannin Deptford da Catford. Abokansa suna tuna shi da barkwanci da son shayi mai kauri. Ni kuwa bana tunanina ya tsaya ne a kan wasu ƙarafa takwas da ya bari a ƙunshin fata, da baƙon da suka jawo mini watan jiya.

Mahaifin mijina kafinta ne a Jos. Yana da wani abin aiki na zamanin Turawa da ake yanka kwari a jikin katako da shi, inda za a zura allon ƙofa ko gindin durowa. Turawa plough plane suke ce masa, tsohon kuwa garma yake kiransa. Jikinta katako ne, ƙarafanta takwas, daga siriri zuwa mai faɗi, a cire wannan a sa wancan. Da tsohon ya rasu aka zo rabon gado, dattawan da suka zauna babu kafinta a cikinsu. Suka ga katako daban, suka ga ƙunshin ƙarafa daban, suka ɗauka kaya biyu ne. Garma ta faɗa rabon Yaya Ado, wan mijina, ƙarafa suka faɗa rabon Baban Zainab.

Gado kuwa in ya faɗa hannunka ya zama naka, ba mai karɓa sai ka bayar da kanka. Yaya Ado ya ce shi ne babba, a ba shi ƙarafan. Baban Zainab ya ce shi ne ya riƙa riƙe wa tsoho katako tun yana ɗan firamare, a ba shi garmar. Magana ta yi zafi, Yaya Ado ya ce masa, a gaban mutane, "Ka tafi ƙasar Turawa ka bar mini tsoho yana jinya, yanzu ka dawo kwasar kaya." Mijina ya naɗe ƙarafansa ya hau jirgi, daga ranar kuma ba su ƙara magana ba. Abin haushin, ko ɗaya daga cikinsu ba kafinta ba ne. Yaya Ado atamfa yake sayarwa.

Tun daga nan mijina ya shiga neman garmar da za ta ɗauki ƙarafansa. Ranar Asabar in ba shi da aiki, sai ya zura ƙarfe ɗaya a aljihun kwat, ya nufi kasuwar Deptford wajen masu tsofaffin kaya. Ashe kowane maƙeri da irin ƙirarsa: kaurin ƙarfe daban, yadda yake sirancewa daban, 'yar tsagar da ke bayansa daban. A wata garmar ƙarfen ya ƙi shiga sam, a wata ya shiga yana rawa kamar haƙorin tsoho. Duk da haka sai ya sayo, wai ko za ta gyaru. Kafin ka ce me, kabad ɗin gidanmu ya cika, ni da tukwanena muka koma gefe.

Na yi mita har na gaji. Wata rana na ce masa, "Haba Malam, garmar tana Jos, ka san inda take, ka san mai ita. Ga waya a hannunka!"

Ya dube ni ya ce, "Rabi, ba ruwanki da maganar gidanmu."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na haifa masa 'ya'ya uku, ban san har yanzu ni bare ba ce. Amma na ga yadda yake lallaɓa ƙarfen yana mayar da shi cikin fata, sai na bar maganar.

Haka ciwon zuciya ya ɗauke shi farat ɗaya, bai bar wasiyya a kan wannan magana ba. Bayan an yi arba'in, Zainab, babbar 'yarmu, ta ce mini cikin Turancinta a kwashe tarkacen nan a kai shagon da ke sayar da tsofaffin kaya don sadaka. Na yarda aka kwashe garmomin. Ƙarafan ne na kasa. Duk sanda na buɗe fatar sai ƙanshin man da yake shafa musu ya buge ni, in ji kamar yana tsaye a bayana zai ce in yi a hankali da bakin ƙarfen. Tsoro nake ji, kuma ba na son in daina jin tsoron.

Watan jiya sai ga waya daga Jos, wai Yaya Ado zai zo London a duba masa ido, yana son ya gan ni. Tabɗi! Mutumin da ko gaisuwar mutuwa ta bakin matarsa ya aiko. Na kwana biyu ina shirya maganganun da zan faɗa masa. Da aka buga ƙofa na buɗe, sai ga tsoho a ranƙwafe, yana lalube da sanda, da fuskar mijina sak. Maganganun nan duk suka gudu. Na durƙusa na gaishe shi.

Bai taɓa abincin da na kawo ba. Ya buɗe jakarsa ya fito da wani abu a naɗe cikin tsohon rawani. Garmar ce, katakonta ya yi baƙi don tsufa.

"Rabi, suna nan?" in ji shi.

Na ɗauko masa ƙarafan. Ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi na tsakiya, ya zura, ya danna ɗan katakon da ke matse shi. Ƙarfen ya zauna ɗas, ko motsi babu. Na tuna Asabar ɗin da ba su ƙirguwa da mijina ya dawo gida a jiƙe da ruwan sama, yana cewa saura ƙiris wannan ta yi. Ga shi abin bai ɗauki tsawon numfashi biyu ba. Kuka ya ƙwace mini, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba.

Da mijina yana nan me zai ce? Na san shi. Zai fara da faɗan cewa Yaya Ado bai shafa wa katakon mai ba, ya juya garmar ya nemo mata aibi, sannan ya tashi ya ɗora shayi mai kauri na mutum biyu. Haka nake gaya wa kaina. Amma wani lokaci sai in tuna yadda ya ce ba ruwana, in rasa tabbas.

Yaya Ado ya ɗora garmar a cinyarsa ya ce, "Ya taɓa cewa ya yafe mini?"

Wallahi na so in ce e. Tsoho ne, ya ƙetaro duniya don wannan kalma ɗaya. Na ce, "Yaya, bai taɓa faɗa ba. Bai kuma taɓa zaginka a gabana ba."

"To ki yafe mini a madadinsa."

"Ba haƙƙina ba ne, Yaya. Da nawa ne da tuni na bayar."

Ya gyaɗa kai, don ya fi ni sanin haka. Na ce ya tafi da ƙarafan, ya ce a'a, garmar ce za ta zauna. Muka yi ta tura wa juna, har Zainab da ke zaune a gefe ta yi dariya tana share hawaye. A ƙarshe ya ajiye ta a kan teburina ya ce in na ƙara magana zai yi fushi.

Yanzu tana nan a haɗe, ba mai iya aiki da ita a gidan. Mijina ya bar mana tarbiyya da suna mai kyau, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Ya kuma bar wa ɗan'uwansa tambayar da babu mai amsa ta a duniyar nan, kuma ina son masu karatu da ke riƙe da wani a zuci su ji wannan da kyau.

Kafin Yaya Ado ya koma, Zainab ta kai mu maƙabarta a mota. Na tsaya daga nesa, ita ta riƙe masa hannu har bakin kabarin. Ya yi sallama, ya yi addu'a, ya shafa. Muka ɗauka ya gama. Sai na ji ya ɗaga murya ya ce, "Sani, ni ne. Ado ne."

Ya karkata kunnensa, ya tsaya yana jira.