Ɗaki Ɗaya da Hajiyar Maraɗi

Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a ƙasar Sin na je Guangzhou karo na biyu. A zuwana na farko na yi yawon kasuwanni a tsanake, amma wannan karon biza ta yi wuya. Kwanaki kaɗan aka ba ni, kuma kowa ya ce kada in sa rai za a ƙara. 'Yan sanda suna tare baƙi a titi suna duba fasfo, masaukai da dama sun daina karɓar mu. Da ƙyar wani ɗan unguwarmu mai aikin kargo ya samo mini gado a wani ɗaki a bayan titin Huanshi Lu, tare da wata dattijuwa 'yar Maraɗi.

Hajiya nake ce mata, ita kuma ta ce mini 'yar Kano. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana, in ta yarda da abu sai ta ce "dakor", kamar yadda mutanen Nijar suke faɗa. Ta daɗe tana zuwa sarin mayafai da takalma. Ni kuwa kayan yara nake sarowa, ina sayarwa a cikin gida.

A Kano, in na yi sallar asuba nakan koma in ɗan miƙe, sai hantsi ya ɗaga in tashi. Haka na yi a safiyata ta farko. Da na farka na tarar ta dafa shinkafa a 'yar tukunyar lantarki, ta rufe mini rabona, ta fita. Ni kuma na isa Shisanhang, inda ake sarin tufafi masu sauƙin kuɗi, bayan rana ta take. Masu shaguna suna ta ɗaure buhuna, wasu sun ja ƙofa, wasu sun zuba wa talabijin ido suna kallon masu iyo. Duk wanda na nuna wa abu sai ya ɗaga hannu ya ce "meyo", wato babu. Na dawo da gumi sharkaf, ban sayi ko safa ba.

Hajiya ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce kasuwar nan da safe take ci, in ina so mu riƙa fita tare. Washegari da muka idar da salla ta miƙo mini shayi tun ina kan darduma, don kada in kalli gado. Muka hau bas gari bai gama wayewa ba, tsofaffin Sinawa suna motsa jiki a ƙarƙashin gada.

Tafiya da ita ta bambanta da tawa. Kasuwa ɗaya take shiga a yini. Abin da ta fito nema shi take nema, in ta wuce shagon jakunkuna ko agogo ba ta ko waiwaya. Da azahar ta koma masauki ta ci abin da ta dafa, ba ta bin ɗakunan mata 'yan'uwanmu a yi ta hira har la'asar ta wuce, sai dai ranar Juma'a. Kuma duk kayan da suka burge ta, ba ta biya a ranar da ta gan su.

Wannan na ƙarshen ne ya so ya haɗa mu. A ɗaya daga cikin manyan benayen kasuwar Guangyuan na ga wasu rigunan 'yan mata masu leshi a wuya, irin waɗanda na san za su tafi da salla. Muka yi ciniki da mai shagon, ina danna kalkuleta tana dannawa, har muka daidaita. Na sa hannu a jaka, Hajiya ta taɓa gwiwar hannuna.

"'Yar Kano, bar su su kwana. In gobe suna ranki, sai mu dawo."

Na ji nauyinta, na bari. Da muka dawo washegari, mai shagon ta yi murmushi ta ce meyo. Wani mutumin Ghana ya kwashe su gaba ɗaya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Muka hau bas muka koma masauki. Sai da muka zauna cin abinci ta ce ta san ta jawo mini asara, kuma ba wannan ne karon farko da hakan ta faru ba, ita ma ta sha rasa kaya masu kyau ta wannan hanyar. Amma ta ce akwai ɗaki guda a gidanta na Maraɗi da ta taɓa cikawa da kayan da ta saya don sun yi mata kyau a ido, har bera ya ci wasu, wasu ta rabar sadaka. Tun daga lokacin ta ga gara ta rasa abu jefi-jefi da ta riƙa binne jarinta.

"Kafin ki taso, me matan unguwarku suka ce ki kawo musu?" ta tambaye ni.

Na tuno abin da suka faɗa mini. Takalman makaranta suka ce, da singileti, da wandunan yara maza masu ƙwari. Babu wadda ta ambaci leshi.

Sauran kwanakin a kan waɗannan na ƙare su. Da yake muna fita da wuri, na sami damar zagaya shaguna ina gwada ɗinki, ina jan roba in ga ko za ta saki. Hajiya ta koya mini in buɗe kwali in duba da idona kafin a naɗe shi da salatif, ko da lawban, wato mai shago, yana ta huci yana nuna agogo. Na gama sarina, na kai kargo, bizata ba ta ƙare ba. Har na sami yini guda na raka ta sayen maganin shafawa na ciwon gwiwa.

Kayan suka iso Kano daf da komawa makaranta, suka ƙare ban bi kowa ina talla ba. Irin rigunan leshin kuwa na gan su a jikin yara ranar salla, wata ce ta kawo, sun yi kyau yadda na zata, kuma na ji ɗan zafi a raina.

Ba duk ɗabi'un Hajiya na iya riƙewa ba. Ina son hira, har yau in na je ina shiga ɗakunan mata. Girki a masauki ma na daina. Amma barcin bayan asuba na bar shi ke nan, kuma sai na ga ashe a wannan ɗan lokacin nake gama rabin aikin gida kafin yara su tashi. Da na buɗe shago a bakin titi, ni ce ta farkon buɗewa a layinmu.

Mun sake haɗuwa da ita a wata tafiyar, daga nan gwiwa ta hana ta hawa jirgi, ɗanta ya karɓi fataucin. Mukan yi waya lokaci-lokaci. Takan tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi kasuwa, sannan ta ce in gaida maigidana, ta kashe wayar tun ban gama sallama ba.