Jiran Saƙo Daga Ruwan Bago

Mu huɗu ne kacal a Karaye da Rogo muke riƙe da irin wannan na'urar, kuma mun san juna sarai. Ƙaramar kwamfuta ce da ba ta wuce tafin hannu ba, mai kauri, tana da ɗan siririn alƙalami na roba da ake zarowa a gefenta ana taɓa fuskarta da shi. Ana sa mata layi a yi kira, a tura saƙo, a rubuta abin da ake so a ajiye. Na hannu muka saye su a Kano, lokacin da masu ƙera su ma sun daɗe da mantawa da su. Ni malamin firamare ne a Karaye, a cikinta nake ajiye sunayen yara da makinsu. Sauran ukun su ne mai kemis na bakin tasha, da wani malamin gona, da wani malamin lissafi da ke tasowa daga Rogo a kan babur.

Ranar kasuwa muke haɗuwa a rumfar mai gyaran waya, kowa ya zaro alƙalaminsa, a yi ta musayar dabaru: yadda ake sa batir ya kai yamma, yadda ake ɗaure murfin baya da roba in ya saki. Masu wucewa na mana tsiya. Wani ya ce, "Malam, har yanzu ba a yi jana'izar wannan ba?" Ni kuwa bakina ba ya kwana. Na sha faɗa a gaban jama'a cewa wayar shafa ta yara ce da marasa aikin yi, kuma ranar da aka gan ni da ita a ce mini na tsufa da rashin hankali. Na faɗe shi da yawa har ya zama ba ni da hanyar janyewa.

A shekarun da nake ba da labari, saƙo ɗaya nake jira a cikin na'urar nan, na yayana da ke Ruwan Bago. Mu biyu ne maza a wurin mahaifinmu. Bayan rasuwarsa Yaya ya sare ɗorawar da ke tsakiyar gonar gida, wadda tsohon ke zama a ƙarƙashinta, wai inuwarta na kashe masa gyaɗa. Da na je na tarar da kututture, raina ya ɓaci, na ce masa a gaban 'ya'yansa bai gaji mahaifinmu a komai ba sai suna. Ya juya ya shige gida. Daga ranar muka shekara biyu ko gaisuwa ba ta haɗa mu ba. Ni ne ƙarami, ni ya kamata in je, na sani. Amma ina ganin ni ke da gaskiya a kan itacen, don haka na zauna ina jiran ya fara. Lambarsa na cikin na'urar, na rubuta mata "Yaya". Duk lokacin da ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, in zaro ta ina neman wannan kalmar.

Abin da nake tararwa kullum shi ne saƙon banza. Ban san inda suka samo lambata ba. Da farko da Turanci suke zuwa, wai na ci mota, wai za a rufe mini layi in ban kira wata lamba ba. Waɗannan ba wuya, ina gani ina gogewa. Daga baya 'yan damfarar suka koyi Hausa, suka kuma koyi ladabi. Sai ka ga saƙo ya fara da cikakkiyar sallama, bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri, ya tambayi iyali, ya yi maka addu'a, sai can ƙasa ya ce ka tura masa lambar asusunka. Ga kuma masu turo addu'a su ce in ba ka aika wa mutum goma ba abin da zai same ka kai ka jawo.

Na'urar tawa kalmomin farko kawai take nunawa a jerin saƙonni. In kana son ganin sauran sai ka buɗe, buɗewar kuwa aiki ce, don sai ta yi nazari kamar tsohuwa za ta tashi daga tabarma, wani lokacin ma ta sandare sai an cire batir. Cikinta kuma ƙarami ne. Da ya cika sai hoton ambulan ya yi ta ƙiftawa a sama, alamar akwai saƙo a bakin ƙofa amma babu wurin shiga. Wannan ambulan ɗin ya hana ni sukuni. Kullum cewa nake, ƙila na Yaya ne ya maƙale a waje, 'yan damfara sun cinye masa wuri.

Gogewar ma ba ta zo mini da sauƙi ba. Mahaifinmu malami ne, bai taɓa wuce takarda mai sunan Allah a ƙasa bai tsugunna ya ɗauka ba, kuma a haka muka tashi. To ga saƙo, ko na ɓarawo ne, da sallama da sunan Allah a kansa. Hannuna ya ƙi. Har Yammedi na je wurin wani malami, tsohon ɗalibin mahaifinmu, na kai masa tambaya. Ya karɓi na'urar ya jujjuya ta, ya yi dariya.

"Malam, kai da ka yi karatun allo, in ka haddace shafi ya kake yi da shi?"

Na ce, "Wankewa ake yi, Allah ya gafarta malam."

"To wanke allo ne wannan. Goge abinka, babu laifi."

Na ce, "To shi ruwan wankin ina yake zuwa?"

Ya ce wannan kuma sai in tambayi wanda ya sayar mini da ita.

Da na sami wannan fatawar sai na zama gwanin gogewa. Na kafa wa kaina doka: duk lambar da ba ta da suna a wurina, in ta fara da doguwar gaisuwa, ba na ko buɗewa. Taɓawa biyu da alƙalami, ta tafi. Har alfahari nake yi a rumfa, ina cewa ni ɗan damfara bai isa ya ci mini minti ɗaya ba, daga sallamarsa nake gane shi.

A wannan tsakanin rumfar ta fara watsewa. Batirin malamin gona ya kumbura har ya ɗaga murfi, ya yi sati yana shawara da mu, sannan ya je Kano ya dawo da wayar shafa yana sunkuyar da kai. Mai kemis ya ce shi ya gaji, ya sayi 'yar ƙarama mai tocila. Malamin lissafi ne ya fi jurewa, amma tasa ta faɗa kwata a Rogo, ya kawo mini gawarta ya ce in riƙa cirar kayan gyara. Mai gyara ya gaya mini gaskiya cewa irin batirin nan ya ƙare ko a Kano, kuma abin da na rubuta a ciki ba zai koma sabuwar waya ba sai dai in kwafe da hannu. Na riƙe wayar malamin gona na shafa sau biyu, na ji daɗinta, na mayar masa ina cewa ba ta yi mini ba. Na rage ni kaɗai, da na'urar da ba ta kai azahar sai na nemi caji.

Da kaka ta yi, ƙanwarmu da ke aure a Kurugu ta zo ta ce an sa ranar auren babbar 'yar Yaya. Yarinyar nan a gidana ta zauna shekara uku lokacin da take sakandare, ni na koya mata rubutun wasiƙa. A wurinmu uba ba ya tsayawa ya ba da auren 'yarsa da bakinsa in yana da ɗan'uwa namiji. Baffa ne waliyyi. Baffan kuwa ni ne, babu wani.

Ƙanwata ta ce mini, "Ka shirya ka je tun kafin ranar. Ku daina wannan abin, mun gaji."

Na ce, "Uban yarinya yana da baki, yana kuma da lambata. In yana so na, zai faɗa."

"In bai faɗa ba fa?"

"To ba ya so na ke nan."

Ta ce taurin kanmu iri ɗaya ne, ta ɗauki mayafinta ta tafi.

Satin bikin ban san abin da na koyar a aji ba. Safe da yamma ina share akwatin saƙo don kada ya cika, ina gogewa da sauri kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Suna zuwa da sallamarsu ina korarsu. Ranar Asabar ɗin da za a ɗaura, na yi wanka tun da hantsi, na sa babbar riga, na zuba mai a babur, na zauna a zaure da na'urar a hannu. Daga Karaye zuwa Ruwan Bago ba tafiyar da za a yi wa guzuri ba ce. Na zauna. Matata ta leƙo sau biyu ta koma. Da aka kira azahar na tashi na cire rigar na ninke. Na ji haushin Yaya ranar fiye da ranar ɗorawa, na ce ya wulaƙanta ni a idon dangi. Daga baya na ji wani ɗan baffanmu ne ya yi waliccin.

Bayan kamar sati uku amarya ta zo Karaye gaishe ni. Ta durƙusa ta gaida ni, muka yi ya gida ya baƙunta, na sa mata albarka. Ta ɗan yi wasa da bakin mayafinta, sannan ta ce, "Baffa, ni dai in na yi maka laifi ka yafe mini."

Na ce, "Ke me kika yi? Tsakanina da ubanki ne. Shi ya ga ban isa a gaya mini ba."

Ta ɗago kai. "Baffa, ai ya gaya maka. Ni na rubuta saƙon da hannuna, ranar Talata."

Na ce babu wani saƙo da ya zo mini daga lambarsa. Ta ce tsohuwar wayarsa ta ɓace a gona tun damina, ita ta saya masa wata da sabon layi. Na tambaye ta me aka rubuta.

"Ya ce ka zo ka ba da auren 'yarka, abin da ya wuce ya wuce. Amma wannan a ƙarshe yake. Gaisuwa ya fara, mai tsawo, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, da aiki, da makaranta. Na ce, Baba, a rage gaisuwar nan, saƙon waya ne ba wasiƙa ba. Ya ce, ƙanena ne, shekara biyu ban gaishe shi ba, ki rubuta duka."

Ta ce bai gaya wa kowa ya aika ba, ya kuma hana ta faɗa. Ranar ɗaurin aure sai da ya sa liman ya jira, yana duban hanya, har mutane suka fara ƙorafin rana.

Bayan ta tafi na buɗe na'urar na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, ko da yake na san babu. Na kai wa mai gyara, ya ce abin da aka goge a irin wannan ya tafi ke nan. Ban ma iya tuna wanne ne a cikinsu ba. Talatar nan na goge sun fi goma, duk da sallama suka fara.

Washegari na hau babur na tafi Ruwan Bago. Na tarar da Yaya a ƙofar gida yana gyaran buhunan gyaɗa. Ya yi furfura fiye da yadda na bar shi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya sa aka kawo tabarma da ruwa. Na zaro na'urar na shiga bayani, ina nuna masa yadda take nuna kalmomin farko kawai, da yadda 'yan damfara ke fara saƙonsu, da dokar da na kafa, da sabon layinsa da ban sani ba. Na yi bayani mai kyau, irin na malamin makaranta. Ya saurare ni har ƙarshe, bai ko kalli na'urar ba.

Ya ce, "Na yarda ba ka gani ba. Ba ka taɓa yi mini ƙarya ba."

Na ji sanyi a raina, na fara cewa alhamdu lillahi.

Ya ce, "Amma ka san ranar?"

Na ce na sani.

"Ka san 'yar waye?"

Na sunkuyar da kai.

"To ai ba sai an rubuto maka ba," in ji shi. Ya jawo wani buhun ya ci gaba da ɗinki.

Na zauna a kan tabarmar har la'asar, alƙalamin roba na hannuna, ina kallonsa yana ɗinki.