Sawun Sarƙa a Ƙarƙashin Tirelar Alhaji

A cikin shekarun da na yi ina faci da gyaran ƙafar mota a garejin Anka, akwai wata safiya da ba ta taɓa fita raina ba. Ƙarshen damina ne, a shekarar da ake kwashe ƙasa mai gubar dalma daga gidajen Bagega.

Ina cikin kunce wata taya sai ga tirelar Alhaji Mamman, mai fataucin hatsi tsakanin Gummi da Gusau. Direbansa Ɗanjuma ya sauko jiki a sanyaye. Alhaji kuwa ya fito daga ƙaramar motarsa, ya karɓe makullin tirelar daga hannun Ɗanjuma, ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba.

"Malam Garba, duba mani tayoyin ga na baya," in ji shi. "Wata biyu ke nan da anka sa su, ga su sun suɗe. An ce mani wanga yaro shina ɗora buhunan dutsen zinariya bisa masarata. In lodi ne ya cinye su, ka hwaɗi, yanzu in sallame shi."

A lokacin, direban da aka ce ya haɗa dutsen ma'adinai da abincin mutane ya gama tuƙi a ƙasar nan, domin a jikin dutsen gubar dalmar take, kuma kowa ya ga yaran da ta kashe. Ɗanjuma shekara tara yana jan motar nan, da ita yake ci da iyalinsa. Ni kuma rabin aikin garejina motocin Alhaji ne, kuma mutum ne da ba ya son a ce masa a'a. 'Yan tasha har sun fara taruwa, kun dai san su da son kallo.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, taya ba ta cinyewa haka kawai. Idan iska ya yi yawa, tsakiyarta ke suɗewa. Idan lodi ya fi ƙarfinta ko iska ya yi kaɗan, gefe biyun ne ke tafiya tare. Na durƙusa na shafa tayar dama ta aksil ɗin ƙarshe, wato ƙarfen da ke riƙe tayoyin hagu da dama. Gefen waje kaɗai ya cinye. Da na shafa ta wannan hannu sai na ji sumul, da na dawo da tafina sai na ji kaifi kamar haƙoran zarto. Na zagaya hagu, can kuma gefen ciki ne ya tafi. Tayoyin da ke gabansu lafiya lau.

"Mi ka gani?" Alhaji ya tambaya.

"Ban gama ba, Alhaji."

Gaskiya na riga na san ba lodi ba ne, ƙarfin halin faɗa nake nema. Na ɗauko igiya na ɗaura a fin ɗin da ke haɗa kan mota da bodi, na ja ta zuwa cibiyar tayar dama, na yi ƙulli. Na kai ta hagu. Ƙullin ya wuce cibiyar da yatsa uku. Aksil ɗin ya karkace ke nan, tayoyin suna tafiya a kaikaice, kwalta tana kankare su. Na sake awon sau biyu.

Na shiga ƙarƙashi da rarrafe. Ƙusar tsakiya da ke riƙe sifirin a mazauninsa kan aksil ta karye ta ɓangaren dama. Kusa da ita, a jikin aksil ɗin, ga sawun sarƙa ya zagaye ƙarfen, fenti ya ɓare, tsatsa ta fara hawa.

Na fito na kakkaɓe gwiwa. Na ce, "Ɗanjuma, motar ga ta taɓa kahewa cikin laka?"

Ya dubi ƙasa. "Ta kahe, hanyar Nasarawa Burkullu, da munka je kwasar masara. Tarakta ta jawo mu."

"Wa ya ɗaura sarƙa ga aksil? Ga gangar mota aka ɗaurawa, kowane direba ya san haka."

Ya sunkuyar da kai. Na maimaita, ya ƙi ɗaga kai. Raina ya ɓaci ƙwarai, ina ƙoƙarin fid da mutum daga rami shi kuma ya kama bakinsa. Wani ɗan tasha ya ce, "To ai ko ba lodi ba, shi ya ɓata motar." Alhaji ya juya makullin a hannunsa. Na ga aikin yaron nan yana shirin tafiya ta wata ƙofar, kuma ni na buɗe ta.

Sai na dubi Alhaji, na ga idonsa ba ya kan direba, yana kan igiyar da ke hannuna. Na rage murya na ce, "Alhaji, kana wurin ran nan?"

Na ce a raina, Garba, ka kori motocinsa daga garejinka da bakinka.

Alhaji ya ce, "Ina wurin. Sarƙar ta gaza kai ga gangar mota, hadari ya taso, masara na buɗe. Ɗanjuma ya ce mani kar a ɗaura nan. Ni na ce a ɗaura." Ya miƙa wa Ɗanjuma makullin a gaban kowa, ya ce, "Ka yahe mani." Ni kuma ya ce in sa sabuwar ƙusa in daidaita aksil, ya shiga motarsa ba sallama.

Da muka keɓe na ce wa Ɗanjuma, "Kai wane irin mutum ne? Ana shirin korarka kana shiru?"

Ya ce, "Baba Garba, shi ya yi mani aure. In kunyata shi gaban 'yan tasha?"

Abin da nake gaya wa masu koyon aikin nan ke nan: kada ka yanke hukunci kan taya kafin ka shafa ta, ka auna, ka shiga ƙarƙashi. Sau da yawa direban da aka kawo maka ya san gaskiya sarai, bakinsa ne ba zai iya faɗinta ba, kai za ka faɗa masa.