Simintin da Na Zuba a Cikin Sifika

Ba zan faɗi sunana ba, mutanen Kankara da suka san ni sun san ni. Kafin in lalace, mai gyaran rediyo ne ni, ina da ɗan shago kusa da tasha, kuma hannuna yana da kyau. Daga rediyo na koma gyaran kayan sauti, domin masu DJ da makaɗan biki sun yi yawa, kowa kuma da sifikarsa mai ciwo. Abin da nake samu yana ciyar da ni da matata, har a saka kifi a miya.

Irin sifikokin da ake yayi a wajenmu su ne masu sauƙin kuɗi, waɗanda ba su da inji a jikinsu, sai an haɗa su da amfilifaya kafin su yi magana. Akwati ne kawai na katako, duk darajarsa tana ciki, wato maganaɗisu da naɗin siririyar wayar da muke kira koyil. Mai ita kuwa sai ya shekara biyar bai taɓa kwance bayanta ya leƙa ba.

Nan shaiɗan ya same ni. Wata rana wani mai DJ daga Faskari ya kawo sifikar da takardar bakinta ta yage. Da na buɗe, na ga maganaɗisu na asali, ƙato, sai zuciyata ta ce wa zai sani? Na cire shi, na saka ɗan ƙarami na banza, na ɗaure. Ya zo ya gwada a shago, ya yi godiya, har ya ƙara mini na goro. Na ji kunya ranar, amma kunyar ba ta kai mako ba.

Mutanenmu suna da wata al'ada wajen sayen sifika: ba kunne suke fara ba ta ba, ɗaga ta suke yi. In ta yi nauyi, an ce maganaɗisunta babba ne, sai ciniki. Da na lura da haka, sai na shiga sayo fankon akwatuna masu kyan fenti, in saka musu tarkacen ciki, in kwaɓa siminti in zuba a gindinsu, in rufe da soso. Gwaji kuma a shagona ake yi, ɗaki ƙarami, murya ƙasa-ƙasa, inda ko gwangwani zai yi daɗin ji. Har dariya nake yi a raina in na ga mutum yana nishi yana yaba kaya.

Ana haka Malam Garba ya zo, wani dattijo manomi daga wajen Sabuwa. Gonarsa tana bakin daji, 'yan bindiga sun hana shi sakat, sau biyu yana tsira da ƙyar. Ya sayar da shanun huɗarsa, ya sayi amfilifaya da janareta, yana so ya riƙa ba da haya a biki da suna da wa'azi.

Ya ce, "Ni ban san kan abin ga ba, ɗana. Kai za ka zaɓa mani. So nike in bar zuwa dajin nan."

Na ce, "Baba, ɗaga wannan ka ji."

Ya ɗaga, ya ce ma sha Allah. Na haɗa shi da guda huɗu, duk masu siminti. Ya faɗa mini abin da ya kawo shi da bakinsa, na ji, kuma ban fasa ba. Wannan ne ya fi ci mini rai har yau.

Hayarsa ta farko wani ɗaurin aure ne a Mabai, da hantsi, a fili. Fili ba shago ba ne, dole a ƙara murya. Ana ƙarawa koyil ya ƙone, hayaƙi ya tashi, amfilifayar ma ta bi su. Wani mai gyara da ke cikin taron ya kwance akwati ɗaya a gaban jama'a, ga siminti. Kafin kwana uku labari ya kai Daudawa da Faskari, duk wanda ya taɓa kawo mini gyara ya kwance tasa. 'Yan sanda suka zo har shago. A kotu ban yi musu ba, alƙali ya ba ni shekara biyu.

Gidan yari ba wurin zuwa ba ne. Matata ta koma gidansu, shagon ya zama na wani. A can na koyi tsayar da salla, na kuma yi alkawarin in na fita Malam Garba zan fara nema.

Da aka sake ni na hau mota zuwa Sabuwa, aka nuna mini gidansu. Yayansa na tarar a zaure, na durƙusa na faɗi ko ni wane ne.

Ya ce, "Da kayan suka ƙone ba shi da abin yi, ga iyali. Sai ya koma gonar, da fartanya, tunda babu shanu. Daminar bara aka ɗauke shi. Har yau ba mu ji komi ba."

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Ba ni ka cuta ba. Sai ka jira shi, yadda muke jira."

Yanzu gyaran fitila da caja nake yi a kan tebur, kuma duk abin da na buɗe, a gaban mai shi nake buɗewa. Na tuba, ina roƙon Allah ya karɓa.

Ku samari masu sana'ar hannu, mutum zai miƙo muku kayansa bai san abin da ke ciki ba, ya juya baya ya tafi. Kada ku taɓa abin da ba a sa ku ba, ko waya ɗaya ce. Kada kuma ku ce za ku nemi gafara daga baya. Ni na je neman ta, ban sami mai ba ni ba.